Taron da Ba a Raba Goro Ba

Ni dai tun farko na ce wa Zayyad a raba goro. Na faɗa a waya, na sake faɗa da ya zo Gumel, amma yaron nan in ya gyara tabarau ya ce miki, "Yaya, ai zamani ya wuce nan," to ki ja bakinki kawai ki huta. Ƙanina ne, shekara tara na ba shi, a Kano yake aiki, kuma shi ya zo da maganar cewa Baba zai cika shekara tamanin, ya kamata a yi masa taro. Ya buga kati mai ruwan zinare, ya ɗauki hotonsa ya watsa a waya, ya ce shi ke nan an gayyaci kowa. Kowa wa? Mutanen ƙauyenmu na bayan Gagarawa Tasha, rabinsu wayarsu ko hoto ba ta buɗewa.

Shekarun kuwa ba ƙirƙira aka yi ba. Kakanmu malami ne, duk ɗan da aka haifa masa sai ya rubuta rana da wata da shekara a bangon Alƙur'aninsa. Zayyad ya kai wa liman aka duba, ranar ta faɗo Alhamis, cikin watan Shawwal, ana tsakiyar zafin bazara.

Da muka je muka gaya wa Baba, Malam Dogo kamar yadda garin ke kiransa, sai ya ƙura mana ido ya ce, "Bikin haihuwa? Da furfurar tawa?" Muka ce ba kiɗa ba rawa, saukar Alƙur'ani ce da addu'a da ciyar da mutane, a gode wa Allah. Ya yarda da ƙyar. Zayyad ya tambaye shi me yake so a sayo masa, riga ko sabuwar katifa.

"Riga ina da ita," in ji Baba. "Ku kawo mini Ɗantala."

Baffa Ɗantala ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin shanu a Maigatari, kuma shekara goma sha tara ke nan ko sallama ba ta haɗa su. Ranar da kakarmu Iya ta rasu, ranar kasuwa ce, Baffa yana kara cikin shanu. Aka aika masa mutum. Rana ta yi zafi, malamai suka ce ba a ajiye gawa, Baba a matsayinsa na babba ya ce a ɗauka. Baffa ya iso daidai ana dawowa daga maƙabarta. Ina nan tsaye a zaure na ji da kunnena. Ya ce, "Ka rufe ta ban ga fuskarta ba. Wallahi ba zan ƙara taka gidan nan ba matuƙar kana numfashi a cikinsa." Ya juya, kuma bai karya rantsuwar ba.

Saura mako biyu taron na shiga mota na tafi Maigatari da kati a jakata. Ni ce 'yar ɗakinsa tun ina ƙarama, shi ya sa aka ɗora mini. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya aika aka damo mini fura, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ina fito da katin sai ya mayar mini da hannuna cikin jaka.

"Safara'u, ke 'yata ce. Kada ki sa in faɗa miki abin da ba zan so ba."

Na yi magiya, na yi kuka, har na ɗan yi masa tsiwa, don ni ma zuciyar gidan ce da ni. Bai ko motsa ba. Da na dawo Baba ya tambaye ni, sai na kasa, na ce, "Ya ce zai duba." Tun daga ranar duk sanda na kira waya, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Ya duba ɗin?"

Ranar Alhamis tun da sassafe aka kafa rumfuna biyu a ƙofar gida, aka jera fararen kujerun roba, aka shimfiɗa tabarmi. Malamai suka zauna a zaure suka fara sauka tun bayan asuba, muryarsu har bakin titi. Motoci uku suka iso daga Kano da 'ya'ya da jikoki. Ni ina cikin gida ina faɗa da masu girki a kan shinkafa, don na ga alamar za su caɓe mini ita. Ina cikin haka sai na ji salati daga bakin ƙofa.

Sabuwa ce, maƙwabciyarmu ta can gangare, tsohuwa mai koko. Ta shigo da ƙwaryar gero a ka, mayafi ya rufe rabin fuska, tana hawaye shaɓe-shaɓe. Ta kama hannuna ta ce, "Safara'u, ya haƙuri? Ashe Malam lokaci ya yi. Shekaranjiya fa muka gaisa."

Na ce, "Wane Malam?"

Kafin ta amsa sai ga Baba ya ɗaga labulen ɗakinsa, cikin sabuwar shadda ruwan sararin samaniya, da kofin kunu a hannu, yana tambayar wa ke kuka. Sabuwa ta saki ƙwarya. Gero ya watse a tsakar gida, kaji suka yi caa a kai. Ta zauna daɓas a ƙasa tana ta "A'uzubillahi," sai da aka yayyafa mata ruwa. Tana dawowa hayyacinta kuwa ta hau ni da faɗa, kuma wallahi da gaskiyarta.

"To ku wa ya ce ku kafa rumfa ba goro? In suna ne an raba goro, in ɗaurin aure ne an raba goro. Mu wayi gari mu ga rumfa, mu ji malamai, mu ga motocin Kano a ƙofar dattijo, ba wanda ya aiko mana ko ɓari ɗaya, me kike so mu ce? Mutuwa ce kaɗai ba a gayyata!"

Na juya na nemo Zayyad da ido. Ya yi wuf ya fice.

Daga nan abin ya ɓalle. Mata suka riƙa shigowa layi-layi da hatsi, maza suna tsayawa a waje suna tambayar ƙarfe nawa za a yi sallah. Wasu daga Gagarawa, wasu daga rugagen da ke bayan gari, har da wani tsohon bafulatani da ya baro shanunsa ya taho a ƙafa. Na tura Zayyad ya tsaya a bakin hanya da tabarau ɗinsa yana ce wa kowa, "Yana nan da ransa, walima ce." Gwaggo A'i, ƙanwarsu Baba, ta iso daga Sule Tankarkar tana huci, wai direban da ya ɗauko ta ne ya yi mata ta'aziyya a mota, ita kuwa ta maka masa mafici a ƙeya. Baba ya yi dariya har da tari. Amma ko a cikin dariyar, idonsa na kan ƙofa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Naja'atu ce, 'yar Baffa Ɗantala.

"Yaya Safara'u, wani direba ya faɗa a kara, wai ya wuce ta garinku ya ga ana zaman makoki a gidan Baba Dogo. Baba ya kira ni, ko magana ba ya iya haɗawa. Ya ce in tambaye ki, da gaske ne? An sa lokaci?"

Ina tsaye a bakin murhu. Ta tsakanin mata ina hango Baba zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ajiye kofin, ya miƙa wuya yana leƙen zaure, don wani ya yi sallama. Da ya ga ba shi ba ne, sai ya koma ya jingina. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Ki ce masa ya taho."

Na kashe wayar. Ban ce ya mutu ba, wannan na faɗa wa kaina ya fi sau goma ina juya miya. Amma kada in yaudari kowa, ƙarya na yi, kuma babba. Na san sarai abin da Naja'atu za ta ji, na san abin da za ta faɗa masa.

Ko minti goma ba a yi ba na ajiye ludayin. Na shige bayan rumbu na kira ta na faɗa mata gaskiya. Sai ta fashe da faɗa.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Mutumin da likita ya ce kada a tayar masa da hankali, jininsa hawa yake yi! Ya riga ya tafi. Ya ce mota sai ta cika, ɗan acaɓa ya tare. Wayar ma a wurin abokan cinikinsa ya yar da ita. Wallahi in wani abu ya sami ubana, ni da ke ne har lahira."

Ta kashe. Na tsaya da waya a hannu, gumi na bin bayana. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu a bayan babur, daga Maigatari ya ratsa Gumel ya nufo Gagarawa, cikin wannan rana, kuma ranar kasuwa, manyan motocin shanu na ta zarya a titin. Ni na ɗora shi a kan babur ɗin nan, ba direban da ya kai gulma ba.

Na janyo Zayyad gefe na gaya masa. Ya buɗe baki zai yi mini wa'azi, na ce, "Ka ga, in ka ce mini ƙala sai na fasa tabarau ɗin nan. Ɗauki mota ka tare shi a hanya." Ya tafi. Na koma wurin girki na kasa tsayawa, na fita ƙofar gida na kasa tsayawa. Duk babur ɗin da ya karyo kwana sai gabana ya faɗi. Na ɗauki murfin tukunya da hannu ba tsumma, ya ƙone ni, ban ma ji ba sai da wata ta nuna mini. Jikoki suka zo suna cewa kek ɗin da aka kawo daga Kano yana narkewa, na daka musu tsawa suka watse. Gwaggo A'i ta bi ni da kallo ta ce, "Ke lafiyarki kuwa? Kina ta safa da marwa kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Bayan sha biyu Zayyad ya kira. Ya kai har tashar Gumel bai gan shi ba. Wani mai faci ya ce ya ga dattijo ba hula a bayan babur, sun tsaya a cikin kasuwa na ɗan lokaci, sannan sun bi hanyar yanke ta cikin gonaki. Hanyar nan yashi ce zalla, matasa ma faɗuwa suke yi. Me ya tsayar da shi a kasuwa? Jiri ne ya ɗebe shi? Na shiga ɗakin mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, na rufe ƙofa na yi raka'a biyu, ban san me na karanta a ciki ba.

Da na fito sai na ga ba zan iya riƙe abin ni kaɗai ba. Na je na durƙusa gaban Baba. Ya dube ni ya ce, "Har yanzu dai bai duba ba ko?"

Na ce, "Baba, yana hanya."

Fuskarsa ta washe, har ya fara laluben sandarsa. Sai na faɗa masa sauran, tun daga katin da aka mayar mini cikin jaka har zuwa wayar Naja'atu. Ina magana ina kallon tabarma. Da na gama sai ya dube ni.

"Kin ce masa na mutu."

"Ban ce ba, Baba."

"Kin ce masa ina raye?"

Na girgiza kai. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi da na samu sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ku fitar da ni waje. Ba ƙarƙashin rumfa ba, can bakin hanya, inda zai fara ganina." Aka ce rana, ya ce ya sani. Aka ɗauki kujerarsa aka kai gindin darbejiyar da ke bakin hanya, inuwarta ko rabin jikinsa ba ta rufe ba. Malamai sun gama sauka, abinci ya sauka, mutane sun cika rumfa suna hamma, Baba ya ce ba wanda zai buɗe tukunya. Aka kira azahar, maza suka tafi masallaci, shi ya yi tasa a zaune a wurin. Ni ina tsaye a bayansa da mafici, hannuna na zogi, ina lissafin duk ramin da ke hanyar nan.

Ana fitowa daga masallaci, jama'a sun taho a dunƙule suna nufo gidan, sai ga babur ya ɓullo ta bayan gari, ba ta inda muka zuba ido ba. Tun bai gama tsayawa ba Baffa ya diro. Ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, gefen rigarsa duk yashi, alamar sun sha ƙasa a hanya. Ya rungume wata baƙar leda a ƙirji. Ya ga taron maza na tahowa, liman a gaba, sai ya tsaya cak.

"Kun kai shi?" ya ce. "Kun kai shi ke nan? Ku ma ba ku jira ni ba?"

Ya durƙushe a tsakiyar hanya. Mutane suka yi kansa, kowa na magana lokaci ɗaya, ba ya jin kowa. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe. Taku kusan ashirin ne tsakaninsu, ya yi su ba sanda, ina riƙe da gwiwar hannunsa.

"Ɗantala."

Baffa ya ɗago. Ya kalle shi daga sabuwar hula har ƙafa. Ya miƙa hannu ya taɓa bakin rigar, ya janye. Na ga sanda tsoro ya bar fuskarsa, na ga sanda fushi ya shigo, don na san fushin gidanmu. Ya miƙe da kansa, ya ture masu taimakonsa.

"Wa ya yi mini wannan?"

Na zube a ƙasa. "Ni ce, Baffa. Baba bai sani ba. Ni kaɗai ce."

"Ke? Safara'u? Ke da na goya a kafaɗata?" Ya ɗaga hannu, na runtse ido, amma bai sauke ba. "Kin mai da ni abin kallo a garin ubana. Na yi kuka tun daga Maigatari, yaron mutane yana ba ni haƙuri." Ya juya wurin ɗan acaɓan. "Tayar mu tafi."

Baba ya riƙe ledar. Ba hannunsa ya kama ba, ledar ya kama. "Mene ne a ciki?"

"Ba naka ba ne. Saki."

"In ba nawa ba ne na wa?"

Suka ja, tsofaffi biyu a tsakiyar rana, ledar ta yage. Farin alawayyo na likkafani ya zubo, sabo fil, har da tambarin kanti a gefensa. Abin da ya tsayar da shi a kasuwar Gumel ke nan. Gwaggo A'i ta toshe baki da mayafi. Baba ya tattaro yadin kafin ya taɓa ƙasa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ware shi kaɗan yana duba tsawonsa.

"Ya yi yawa," ya ce.

Baffa ya kau da kai. "Mai kantin ya yanka irin na kowa. Na ce ya ƙara. Ni na san tsawonka."

Baba ya naɗe shi a hankali, ninki a kan ninki, ya mayar masa a ƙirji ya danna da tafin hannu. Sannan ya ɗaga murya yadda ban ji ya yi ba cikin shekaru.

"Liman, ka ji. A'i, ki ji. Safara'u, ki gaya wa Zayyad in ya dawo. Wannan a wurin Ɗantala zai zauna, kuma da shi za a rufe ni, ba da wani ba. Ko rana za ta faɗi, ko kwana zan yi, kada wanda ya ɗaga ni sai ya iso." Ya sassauta murya. "Na Iya kuwa, ni na yi kuskure. Sa'a ɗaya ce, da na jira."

Baffa ya cusa fuska cikin yadin. Ɗan acaɓan ya kashe babur ɗinsa da kansa.

Baffa bai shiga gidan ba. Liman ya matso zai yi masa bayanin kaffarar rantsuwa, ya ce a bar wannan tukuna. Ni kuma bai ƙara kallon inda nake ba, da na kawo ruwan wanke hannu ma sai da Gwaggo ta karɓa ta miƙa masa, kuma yau wata huɗu ke nan in na gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Naja'atu ko wayata ba ta ɗauka. Abin yana ci na, ba zan ɓoye ba, kuma ban ce ban cancanta ba.

Amma ranar, tabarma aka shimfiɗa musu a gindin darbejiyar nan, aka ajiye tire ɗaya a tsakaninsu. Ina laɓe a bakin zaure ina kallo. Baffa ya ɗora yadin a cinya, ya kasa cin komai, sai kallon Baba yake yi, yadda hannunsa ke rawa in ya ɗebo shinkafa, yadda rabin lomar ke zubewa kafin ta kai baki. Can ya sa hannu ya tsince ƙashin da ke cikin naman, ya tura tsokar gabansa.

"Yaya," ya ce, "ka tsufa."

Baba ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Na daɗe ina yi," ya ce. "Ba ka zo ka gani ba."